Yadda Ake Shirya Hoton Sakamakon Ƙididdigar Ƙwaƙwalwa Don Bugawa a Mujallar Kimiyya

Tambaya guda ce ke yawan dawowa daga ɗalibai da matasan masu bincike da suka kammala nazarin hotunan MRI, wato hotunan cikin ƙwaƙwalwa da na'urar maganaɗisu ke ɗauka: lissafi ya ƙare, manhaja ta fitar da taswirar ƙididdiga, to yaya za a mayar da ita hoton da mujalla za ta karɓa? Akasari abin da ake yi shi ne a ɗauki hoton allon kwamfuta, a liƙa a PowerPoint, a rubuta A da B a kai, a tura. Daga nan sai ofishin mujalla ya dawo da shi saboda dishi-dishi, ko masu bita su jero tambayoyi: ina hagu, ina dama, wace iyaka aka sa (ƙimar da sai an kai ta launi ke bayyana), me jan launin yake nufi?

Dishi-dishi yana gyaruwa cikin awa guda. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, duk zaɓin da ka yi a jikin hoton, daga fallen ƙwaƙwalwar da ka nuna har inda launi ya fara, magana ce kake yi da yawun bayananka, kuma yawancin masu karatu hoton za su fara dubawa kafin su karanta layi ɗaya na maƙalar. Shi ya sa matakan da ke tafe suka fi daɗewa a kan gaskiyar hoton fiye da kyansa.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana buƙatar manhajar duba hoto guda ɗaya, ko FSLeyes, ko MRIcroGL, ko tagar AFNI. Kana buƙatar hanyar fitar da hoto ta rubutaccen umarni, kuma a nan nilearn da ke aiki da Python ce na fi so. Sai Inkscape don haɗa sassan hoton da rubuta haruffa. Dukkansu kyauta ne ga mai binciken ilimi. SPM, manhajar lissafin ƙididdigar hotunan ƙwaƙwalwa, ita ma kyauta ce, sai dai a bisa al'ada tana tafiya ne a kan MATLAB, wanda lasisinsa na kuɗi ne; akwai sigar SPM mai cin gashin kanta ga wanda ba shi da lasisin. Adobe Illustrator na biyan kuɗi ne, kuma babu abin da wannan aiki yake bukata da Inkscape ba za ta yi ba. Kwamfutar hannu ta yau da kullum ta wadatar, domin nauyin lissafin ya riga ya wuce. Kuɗin da zai iya tasowa shi ne na buga launi a takarda, wanda wasu mujallu ke caja. Ka duba wannan kafin ka zaɓi mujalla.

Mataki na 1: Buɗe ƙa'idar mujallar tukuna

Kafin ka taɓa fayil ko ɗaya, nemo shafin umarnin marubuta ka rubuta abubuwa huɗu: faɗin hoto, kaifinsa, nau'in fayil da girman haruffa. Mujallun Elsevier, alal misali, suna aiki da faɗin milimita 90 na layi ɗaya (ɓangare guda na shafin da aka raba biyu a tsaye), 140 na ɗaya da rabi, da 190 na cikakken shafi. Suna neman ɗigo 300 a kowane inci ga hoto zalla, 500 ga hoton da ya haɗu da zane da rubutu, 1000 ga zanen layi. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 190 inci 7.48 ne, ka ninka da 300, ka samu fiksel 2244. Wannan shi ne mafi ƙarancin faɗin da hotonka zai kasance idan hoto zalla ne kuma zai cika shafi.

Ka tsara hoton a ainihin girman da za a buga shi. Wanda ya zana babba yana cewa daga baya za a rage, haruffansa ne ke ƙanƙancewa har su gagari karatu.

Mataki na 2: San fayil ɗin da ke hannunka

A nan ne kurakurai masu nauyi suke farawa, domin fayilolin NIfTI, nau'in fayil ɗin da ake adana hotunan ƙwaƙwalwa a ciki, duk kamanninsu ɗaya a ido, amma lambobin da ke ciki ma'anarsu daban.

A SPM, spmT_0001.nii ƙimar t ce (sakamakon gwajin ƙididdiga) a kowane boksel (ɗan ƙaramin ɗigon hoto mai tsawo, faɗi da zurfi), con_0001.nii kuma girman tasiri. A FEAT, sashen lissafi na manhajar FSL, zstat1 ƙimar z ce, cope1 girman tasiri, thresh_zstat1 kuma taswirar da aka riga aka sa wa iyaka. A AFNI fayil guda yana ɗauke da taswirori da yawa a jere, don haka ka yi amfani da 3dinfo -verb ka ga sunan kowace kafin ka zaɓa.

Gargaɗi: sakamakon randomise, wani umarnin gwajin ƙididdiga na FSL, mai ɗauke da corrp a sunansa ba p ba ne, 1 ne da aka cire wa p. Ma'ana, wurin da ya kai p ƙasa da 0.05 shi ne mai ƙima sama da 0.95. Wanda ya sa iyaka a 0.05 zai iya ganin babban sashe na ƙwaƙwalwa ya yi ja, ya yi ta murna a banza. Kuma wannan fayil bai dace da launi ba, tunda duk abin da za ka nuna yana matse tsakanin 0.95 da 1. Abin da ake yi shi ne a yi amfani da shi wajen tace taswirar t:

fslmaths sakamako_tfce_corrp_tstat1 -thr 0.95 -bin -mul sakamako_tstat1 tataccen_t

Wani gargaɗin: t da z ba abu ɗaya ba ne idan mahalarta ba su da yawa. Ƙimar z ta 3.1 tana daidai da p kusan 0.001 a gwajin gefe ɗaya. Amma a gwajin rukuni ɗaya mai mahalarta 20, sai t ta kai kusan 3.58 kafin a sami wannan p ɗin. Kada ka kwafi lambar iyaka daga maƙalar wani ka ɗora a kan taswirarka.

Mataki na 3: Zaɓi hoton shimfiɗa da ya dace

Launukan ƙididdiga suna zama ne a kan hoton ƙwaƙwalwa mai launin toka. Dole su biyun su kasance a ma'aunin wuri ɗaya. Sakamakon matakin farko na FEAT yana ma'aunin ƙwaƙwalwar mutumin da aka ɗauka, bai koma MNI ba tukuna, wato ma'aunin bai-ɗaya da ake daidaita kawunan mutane a kai. Idan ka ɗora shi a kan samfurin MNI, manhajar za ta nuna maka wani abu ba tare da ta yi ƙorafi ba, kuma abin da ta nuna ƙarya ne.

Sunan MNI ma ba samfuri guda yake nufi ba. Wanda ke zuwa da FSL daban yake da MNI152NLin2009cAsym da manhajar sarrafa bayanai ta fMRIPrep ke amfani da shi idan ba ka canza saiti ba. Bambancin ba shi da yawa, amma a gefen ƙwaƙwalwa da ƙananan sassa na ciki ya isa ya matsar da curin launi, wato gungun boksel da suka haskaka tare, daga wani yanki zuwa maƙwabcinsa. Ka koma rahoton sarrafa bayananka ka ga wanne aka yi amfani da shi, ka ɗauko shi daidai. Ma'ajiyar TemplateFlow tana da su da cikakkun sunayensu.

Akwai hoton nan mai kaifi sosai da ake kira Colin27, ƙwaƙwalwar mutum ɗaya da aka ɗauka sau 27 aka haɗa. Yana da kyau a ido, shi ya sa ake sonsa. Ni ba na ba da shawararsa ga sakamakon rukuni, domin yana sa mai karatu ya zaci ka san ainihin lungun da abin ya faru, alhali bayananka an laushe su da milimita 6 ko 8 kuma an haɗa kawunan mutane daban-daban. Abin da ya fi gaskiya shi ne ka haɗa hotunan T1 (masu nuna siffar ƙwaƙwalwa) na mahalartanka bayan an daidaita su, ka fitar da matsakaicinsu, ka shimfiɗa. Idan nazarin na tsofaffi ne ko masu cutar da ke rage naman ƙwaƙwalwa, wannan ya zama tilas, don samfurin matasa masu lafiya zai nuna launi a inda su marasa lafiyar ruwa ne kawai ke wurin.

Kafin ka wuce, ɗora taswirar da ba a sa wa iyaka ba a kan shimfiɗar, ka bi fallayen daga sama har ƙasa. Gani ya kori ji. Idan launi ya fita waje da ƙwaƙwalwa ta gefe ɗaya, ko wani sashe kamar ƙasan goshi babu bayanai a cikinsa, ka sani yanzu, kuma ka faɗa a maƙalar. Wurin da na'ura ba ta kama sigina ba daban yake da wurin da aka auna ba a sami komai ba.

Mataki na 4: Hagu da dama

Tsari biyu ake da su. Likitocin hoto suna sa hagun mutum a daman allo, kamar kana fuskantar marar lafiya. Masu nazarin jijiyoyi suna sa hagu a hagu. FSLeyes tana buɗewa da tsarin farko, SPM da nilearn da na biyu. Kowanne daidai ne, muddin ka rubuta L da R a jikin hoton kuma ka tsaya a kan tsari guda a duk maƙalar.

A ma'aunin MNI, x mai alamar ragi hagu ne. AFNI kuwa, idan aka bar ta a saitinta na asali, tana juya alamar x da ta y, don haka lambobin da ka kwafo daga tagarta sai an mayar da su tsarin da kowa ya saba kafin su shiga tebur.

Ka gwada da abin da ka riga ka sani. Idan mahalarta sun danna maɓalli da hannun dama, dole yankin motsi na hagu ya haskaka. Idan ka ga akasin haka, tsaya, ka koma kan fayil ɗin da fslhd ko fslorient. Tsofaffin fayilolin Analyze masu zuwa biyu-biyu, .hdr da .img, sun yi ƙaurin suna wajen rasa bayanin gefe.

Gargaɗi: kada ka taɓa juya hoton ƙwaƙwalwa a cikin Inkscape ko wata manhajar zane don ya dace da tsarin shafi. Juyawa ɗaya ta isa ta mayar da sakamakon harshe zuwa ɓangaren da ba nasa ba.

Mataki na 5: Iyaka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi. A taswirar MNI mai boksel na milimita 2, ƙwaƙwalwa tana ɗauke da boksel sama da 200,000, kuma kowanne gwaji ne. Da p ƙasa da 0.001 ba tare da gyara ba, ana sa ran wajen boksel 200 su haskaka ko da babu komai a bayanan. Saboda haka ake gyaran yawan gwaje-gwaje, ta FWE (taƙaita yiwuwar samun ko da kuskure ɗaya), ko FDR (taƙaita kason kuskure cikin abin da aka gano), ko girman curi, ko TFCE (gwajin curi da ba a kafa masa iyakar farko).

Doka ta farko: iyakar da ke hoton ita ce iyakar da ke sashen hanyoyin bincike, ita ce kuma ta tebur. Ba a sassauta ta a hoto don curin ya yi girma, ba a tsaurara ta don wani curi mai wuyar bayani ya ɓace. Goge curi da hannu kuwa, ko zaɓen fallaye da gangan don a kauce masa, ya shiga sahun maguɗin bincike, ko da niyyarka tsabtace hoto ce.

Idan gyaranka na girman curi ne, iyakar farko da ake kafa curin da ita tana da muhimmanci. Binciken da Eklund da Nichols da Knutsson suka wallafa a 2016 ya nuna cewa sassauƙar iyaka irin p ƙasa da 0.01 tana sa kuskuren gano abin da babu ya zarce kashi 5 cikin 100 da ake tsammani nesa ba kusa ba, har ya kusa kashi 70 a wasu saituna. Shi ya sa z ta 3.1 ta maye gurbin 2.3 a saitin FEAT. Idan tsohon nazari kake shirya wa hoto, duba wacce aka sa.

Ka kuma lura da abin da curi yake ba ka damar faɗa. Idan babban curi ya ratsa yankuna biyar, gwajin ya nuna akwai tasiri a wani wuri cikinsa, bai tabbatar da kowane yanki daga cikin biyar ɗin ba. Kada ka zana kibiya biyar da sunaye biyar kamar kowanne ya ci gwajin kansa.

Akwai salon da nake ganin ya cancanci ƙarin karɓuwa. Maimakon a ɓoye duk abin da bai kai iyaka ba, sai a bar shi ya bayyana da launi mai disashewa gwargwadon rauninsa, a zagaye wanda ya kai iyakar da baƙin layi. A AFNI maɓallan A da B da ke saman sandar iyaka ke yin wannan. Amfaninsa babba ne: sau da yawa sai ka ga yankin da ya haskaka a hagu yana da takwara a dama wanda kiris ya rage ya kai iyaka. A hoton da aka yanke tas, mai karatu zai fita da cewa aikin na hagu ne kaɗai, alhali bayanan ba su faɗi haka ba.

Wannan ya kai mu ga kuskuren da na fi gani. Ana jera taswirar marasa lafiya da ta masu lafiya gefe da gefe, wannan da curi, wancan babu, sai a ce rukunin sun bambanta. Ba a gwada bambancin ba ke nan. Idan bambanci kake iƙirari, taswirar gwajin bambancin kanta ce za ta shiga hoto.

Mataki na 6: Zaɓi yadda za a kalli ƙwaƙwalwar

Fallaye su ne suka fi dacewa da sassan ciki irin su amigdala, hifokamfas, talamas da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta baya. Ka jera fallayen kwance da tazara iri ɗaya, misali kowane milimita 8 ko 10 daga ƙasa zuwa sama, ka rubuta lambar z a ƙarƙashin kowanne. Tazara iri ɗaya tana nuna wa mai karatu ba zaɓe ka yi ba. Idan curi guda ne zuciyar maƙalar, ƙara kallo uku da suka ratsa ƙololuwarsa: daga gefe, daga gaba, daga sama.

Hoton saman ƙwaƙwalwa da aka hura don lungunanta su buɗe ya fi kyau ga sakamakon da ya bazu a ɓawon ƙwaƙwalwa. Ka nuna fuska huɗu, waje da ciki na kowane ɓangare. Amma idan lissafin a boksel aka yi, kai ne ka haska shi a kan fsaverage, wani samfurin saman ƙwaƙwalwa, don nuni kawai, ka faɗi haka a bayanin hoto. Haskawar tana iya tsallaka launi daga wannan gaɓar lungu zuwa waccan, kuma duk abin da ke sassan ciki zai ɓace, sai ka haɗa da fallaye.

Ƙwaƙwalwar gilashi, wadda ake ganin dukkan curi ta cikinta lokaci ɗaya, tana da amfani a matsayin taƙaitawa. Gargaɗi ga masu nilearn: plot_glass_brain tana watsar da alamar ragi idan ba ka sa plot_abs=False ba, sai ƙaruwa da raguwa su fito da launi ɗaya.

Mataki na 7: Launi da sandarsa

Ka guji launin bakan gizo da ake kira jet. Haskensa ba ya tafiya daidai da lambobi, yana ƙirƙirar iyakoki a inda bayanai ba su da su, musamman wajen rawaya da shuɗi mai haske. Idan sakamakon gefe ɗaya ne, ja zuwa rawaya ya isa, ko viridis. Idan gefe biyu ne, launuka masu ɗumi ga ƙaruwa, shuɗi ga raguwa, sifili a tsakiya, kuma iyakar sama da ta ƙasa su zama daidai, misali daga ragi 6 zuwa 6.

Kada ka haɗa ja da kore don bambanta yanayi biyu. A wasu al'ummomi kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya rarrabe su sosai, kuma mai bitar maƙalarka zai iya zama ɗaya daga ciki. Shuɗi da ruwan lemo sun fi aminci. Manhajar Color Oracle kyauta ce, tana nuna maka allonka yadda mai wannan larura zai gan shi.

Kowane hoto yana buƙatar sandar launi mai lambobi da sunan abin da ake aunawa: t, ko z, ko kashin canjin sigina. Gargaɗi: manhajoji suna zaɓar iyakar sama da kansu bisa ƙima mafi girma a kowace taswira. Idan ka bar su, rawaya a sashen A zai zama 5, a sashen B ya zama 11, mai karatu kuma ya ɗauka ƙarfinsu ɗaya. Duk sassan da za a kwatanta, ka kafa musu iyaka guda da hannunka.

Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce, me launin zai wakilta? Ƙimar t tana gaya maka yawan tabbaci, kuma tana ƙaruwa da yawan mahalarta. Girman tasiri shi ke gaya maka yawan canjin da aka samu. Inda manhajarka ta ba da dama, ka yi launi da girman tasiri, ka sa iyaka da t ko z. AFNI tana raba waɗannan biyun kai tsaye. A sauran sai ka tace taswirar cope ko con da fslmaths kamar yadda aka yi a mataki na 2.

Mataki na 8: Fitar da hoton da rubutaccen umarni

Hoton allo ba ya kai kaifin da ake nema, kuma ba ya maimaituwa. Masu bita za su nemi a cire mutum biyu ko a ƙara wani ma'auni a lissafi, wata shida bayan ka manta fallen da ka tsaya a kai da lambar da ka ja sandar launi zuwa gare ta. Idan umarni ne a rubuce, sai ka sauya sunan fayil ka sake kunnawa.

A nilearn, plot_stat_map ce uwar aikin. Ka ba ta taswirar, ka ba ta shimfiɗa ta bg_img, ka rubuta fallayen da kanka a cut_coords, ka kafa threshold da vmax, ka cire layukan gicciye da draw_cross=False, sannan ka adana da savefig a dpi (ɗigo a kowane inci) 300 ko sama. FSLeyes tana iya nuna maka umarnin da ya yi daidai da abin da ke allonka, ka kwafe shi ka kunna da fsleyes render. MRIcroGL tana karɓar umarnin Python, AFNI kuma tana da @chauffeur_afni.

Ka kula da laushin da manhaja ke ƙarawa. Taswirar milimita 2 ko 3 idan aka ɗora ta a kan shimfiɗar milimita 1, ana cike tsakanin boksel don gefuna su yi sumul. Ga taswirar da ba a yanke ba, babu laifi sosai. Ga wadda aka riga aka tace kuwa, cikewar tana haifar da wani bakin launi na bogi kewaye da curi, mai ƙimar da ba ta kai iyaka ba. A irin wannan hali ka zaɓi nearest, ka bar boksel su fito da kusurwoyinsu. Wannan shi ne ainihin kaifin bayananka, ba abin kunya ba ne.

Ka adana PNG ko TIFF. JPEG yana ɓata gefen launi, kuma duk sake adanawa ƙara ɓatawa yake. Sandar launi da jadawali ka fitar da su a SVG ko PDF don rubutunsu ya kasance mai kaifi kowane girma.

Mataki na 9: Haɗawa

Buɗe Inkscape, ka saita faɗin shafi daidai da milimitan mujallar, ka shigo da sassan. Idan za ka rage ko ƙara girma, kulle ma'aunin tsawo da faɗi don kada ƙwaƙwalwa ta miƙe. Rubutu da Arial ko Helvetica, tsakanin maki 6 zuwa 8 a girman bugawa, sai harafin sashe ya ɗan fi girma. Ka rage baƙin fili da ke kewaye da fallaye don ƙwaƙwalwar ta samu wuri. Farin bango ya fi dacewa da takarda, baƙi ya fi fito da launi a allo. Ka zaɓi ɗaya ga duk hotunan maƙalar.

Gargaɗi: PowerPoint yana fitar da hoto a ɗigo 96 idan ba a taɓa saitinsa ba, kuma yana iya matse hotunan da aka liƙa masa. Ƙara lambar ɗigo daga baya a wata manhaja ba ya dawo da abin da ya ɓace.

Yawanci ana sa jadawali kusa da ƙwaƙwalwar don nuna ƙimar da aka ciro daga wani yanki. Ka nuna ɗigon kowane mahalarci a kai, ka kuma faɗi ko layin kuskuren karkatar ma'auni ce ko tazarar tabbaci ta kashi 95. Idan daga curin da gwajin ya zaɓa ka ciro ƙimar, kada ka sake yi mata gwaji ka ɗora tauraro, kada kuma ka ba da ƙarfin alaƙar da ka samu a wurin a matsayin sakamako. Bayanan da suka zaɓi wurin su ne suke sake yabon wurin, kuma lambar za ta kumbura. Ka rubuta cewa jadawalin na nuni ne kawai, ko ka ciro daga yankin da aka ayyana tun kafin nazari.

Mataki na 10: Bayanin hoto da tebur

Bayanin da ke ƙarƙashin hoto ya kamata ya tsaya da ƙafarsa. Ya ƙunshi kwatancin da aka gwada da alkiblarsa, yawan mahalarta a kowane rukuni, abin da launi ke wakilta, iyaka da irin gyaran da aka yi, ko gwajin gefe ɗaya ne ko biyu, iyakar kafa curi da mafi ƙarancin girmansa idan akwai, sunan samfurin shimfiɗa, lambobin fallaye, da gefen da hagu yake. Idan an taƙaita nazarin a wani yanki, ka faɗa, ka kuma zana iyakar yankin a hoton.

Tebur yana bin hoton: girman kowane curi, ƙimar ƙololuwa, x da y da z a milimita, p da aka gyara, da sunan yanki tare da kundin taswirar da ya ba da sunan, Harvard-Oxford ne ko AAL ko wani. Umarnin curi na FSL yana ba da lambar boksel ne sai ka ƙara --mm. Kada kuma ka shigar da lambobin MNI kai tsaye cikin kundin Talairach, wani tsohon kundin taswirar ƙwaƙwalwa, ma'auninsu ya bambanta. Ka ƙirga curin da ke tebur ka neme su ɗaya bayan ɗaya a hoton.

Mataki na 11: Dubawa da turawa

Buga hoton a takarda a ainihin girmansa, sau ɗaya da launi, sau ɗaya baƙi da fari. Miƙa wa abokin aikin da bai san binciken ba tare da bayanin ƙasa kaɗai, ka ce ya faɗa maka abin da aka gano. Inda ya yi tuntuɓe, nan za ka gyara.

Idan akwai hoton mutum ɗaya a ciki, tabbatar an cire fuska da pydeface ko makamancinta, musamman a hoto mai siffar kai gaba ɗaya, kuma babu suna, ranar haihuwa ko lambar asibiti a kusurwa ko a sunan fayil.

Ɗora taswirorin rukuni da ba a sa wa iyaka ba a NeuroVault, wata ma'ajiyar taswirorin ƙwaƙwalwa a intanet. Kyauta ne, za ka samu adireshin da za ka sa a maƙala, kuma mai karatu zai iya bin fallayen da ba su samu wuri a hoton ba. Ka ajiye umarnin, taswirorin, fayil ɗin SVG da lambar sigar kowace manhaja a babban fayil guda.

Bayan an karɓi maƙalar za a aiko maka da samfurin shafi don dubawa, galibi da wa'adin kwana biyu ko uku. Ka ƙara girman hoton a allo ka duba ko an rage shi zuwa layi ɗaya, ko an datse sandar launi, ko alamar ragi ta faɗi daga lambobin fallaye, ko harafin L da R sun ɓace. Idan launin ya sauya saboda an mayar da shi CMYK na injin bugawa, ka nemi a bar sigar intanet a RGB, ka haɗa da ainihin fayil ɗinka a cikin amsar.